Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaba Faure Gnassingbé: Masu Ciwon Daji da Nisan Hanyar Lome

Zuwa ga Mai Girma Faure Essozimna Gnassingbé,
Shugaban Majalisar Ministocin Jamhuriyar Togo,
Lome.



A watan Oktoban 2002, tun kafin ya zama minista, tun kafin ya zama shugaban ƙasa, Mai Girma ya shiga majalisar dokoki ne da ƙuri'un mutanen Blitta. Saboda haka ba sai an yi masa kwatancen garin ba. Ya san Blitta-Gare, inda layin dogon da ya taso daga Lome ya tuƙe tun zamanin Faransawa. Ya san masana'antar gurzar auduga, ya san tulin doyar da ake jerawa a bakin titi, ya kuma san babbar hanya mai lamba 1 wadda ta ratsa ƙasar tun daga bakin teku har Cinkasse. Wannan wasiƙa a kan wasu matafiya ne da ke bin hanyar nan zuwa kudu ba don fatauci ba: masu ciwon daji na Blitta da Sokode da Dapaong, da kuma 'yan uwan da ke riƙe da hannunsu.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Lyon ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mutum sama da 5,000 ne suka kamu da cutar a Togo, kuma kusan 3,500 suka rasu. Wato duk inda aka samu sababbin majinyata uku, an yi jana'izar biyu. A ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum miliyan 8 da 'yan kai, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Sankarar mama ce kan gaba a wajen mata, ta bakin mahaifa na biye da ita. A wajen maza kuwa ta mafitsara ce kan gaba. Kuma duk wannan ƙiyasi ne. Matar da ta rasu a ɗakinta a wani ƙauye na yankin Adele, wadda ba a taɓa yi wa awo ba, aka ce kawai "ta yi fama da daji," babu littafin asibitin da sunanta ya shiga.

Adalci ne a faɗi abin da aka yi. A ƙarshen Nuwamban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar HPV, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa, a faɗin ƙasa kuma kyauta. A Lome an samu cibiya mai zaman kanta, CICL, mai na'urar gashin ciwon daji, bayan shekaru da dama da sai mai hali ya tsallaka Accra ko wata ƙasa kafin a gasa masa. A Nuwamban 2024 an aza harsashin cibiyar gwamnati ta maganin cutar, ita ma a Lome. A watan Agustan 2024 ne kuma aka ɗora wa Farfesa Tchin Darré ma'aikatar lafiya, mutumin da aikinsa na asali shi ne duba tsokar majinyata a ƙarƙashin madubin likita, wanda ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan cututtukan daji na Togo. Babu mai raina waɗannan. Sai dai in aka cire allurar rigakafi, kusan duk sauran suna bakin teku ne, alhali Blitta na da tazarar kilomita kusan 270 daga can, Sokode kimanin 340, Dapaong kuwa sama da 600.

A ɗauki mace ɗaya irin wadda ake gani a kowace kasuwa tsakanin Pagala da Agbandi. Tana wanka ta ji ɗan ƙullutu a mamanta, bai kai gyaɗa ba, ba ya ciwo. Tun da ba ya ciwo, sai ta bar shi. Bayan watanni ya girma, ta nuna wa kishiyarta ko yayarta, aka ce daji ne. Daga nan sai maganar nan da kowane Bahaushe ya taso da ita ta shigo: daji ba ya son ƙarfe, daji ba ya son allura, in aka taɓa shi sai ya fusata. Aka nufi mai maganin gargajiya, aka karɓo na sha da na shafawa da na turare. Wani lokaci wanzami ya yi sakiya, yana zaton maruru ne. Ranar da za ta taka ƙofar asibitin Blitta, wurin ya riga ya fashe, hammata ta kumbura, hannu ya yi nauyi, an yi shekara ko fiye.

Abu mai sauƙi ne a kira wannan jahilci, amma mai wannan wasiƙa bai yarda da hakan ba. Matar nan da idonta take shaida. Duk waɗanda ta sani da aka kai Lome aka yanke wa mama sun dawo sun rasu, domin su ma sai da ciwon ya ci jiki aka kai su. Ba ta taɓa zama da wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke ta ci gaba da tuyar ƙosanta ba. Muddin ba a samu irin waɗannan matan a unguwanni ba, waɗanda za a nuna da yatsa a ce ga wance nan shekara bakwai ke nan, to wa'azin rediyo kaɗai ba zai kawar da tsoron ƙarfe ba. Kuma ba za a same su ba sai an gajarta hanya tsakanin ranar da aka ji ƙullutu da ranar da aka fara magani.

A nan ne hanyar ta fi tsawo. Likita ba ya tabbatar da ciwon daji da ido. Sai an ɗebo 'yar tsoka, an sa ta a kwalba cikin ruwan fomalin, an kai ɗakin awo. Shekaru masu yawa ɗakin awon asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio ne ke ɗauke da nauyin ƙasar baki ɗaya. Sau da yawa dangi ne ke ɗaukar kwalbar, ko a damƙa wa direba a tasha tare da lambar wayar wani ɗan uwa. Sai jira. Sai a sake neman wanda zai je ya karɓo takarda. Takardar da Faransanci take, da kalmomin da ko wanda ya gama sakandare ba ya ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na yaƙi da sankarar mama na 2021, ta ce kada a wuce kwana 60 tsakanin zuwan mace asibiti da kammala gano ciwonta. Ya kamata Shugaba ya sa a bincika masa kwana nawa abin yake ɗauka ga matar Blitta.

In sakamako ya fito, lissafi na biyu ya fara. Ƙarin ruwan kemo galibi duk bayan mako uku ne, sau shida zuwa takwas. Mutumin Dapaong da za a yi wa a Lome zai ci kilomita sama da 1,200 zuwa da dawowa a kowane zagaye: Mango, Kante, gangaren Defale, Kara, Bafilo, tsagin dutsen Aledjo, Sokode, Sotouboua, Blitta, Atakpame, Notse, kafin ya ga Lome. Sau shida ya haura kilomita 7,000, cikin motar haya, a jikin da ke amai, gashi na zuba, baki ya yi gyambo. Gashin na'ura kuwa kwana biyar ne a mako, har mako uku zuwa bakwai gwargwadon ciwon, wanda ke nufin sai an tare a Lome. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne a wata, kuma manomin doya da mai sayar da wagashi ba su da ko wannan a ƙayyade. Shi ya sa ake yin kemo biyu a tsaya. A fayil sai a rubuta cewa majinyaciya ta daina zuwa. Gaskiyar magana ita ce akuyar ƙarshe aka sayar.

Maganin da aka katse a tsakiya asara biyu ne. Kuɗi sun tafi, ciwo ya dawo da ƙarfinsa, unguwa kuma ta ƙara samun hujjar cewa asibiti ba ya maganin daji.

Akwai mutum ɗaya da ba a ambatarsa a jawaban bikin aza harsashi, ita ce mai jinya. Kusan kullum mace ce: 'ya, ƙanwa, uwa, wani lokaci kishiya. Ita ke shimfiɗa tabarma a barandar asibiti ta kwana da sauro. Ita ke karɓar takardar magani ta bi kantuna a kan zemijan, wato acaɓa, a ce mata babu a nan, gwada can. Ita ke wanke zannuwan da jini ya ɓata kafin gari ya waye don kada maƙwabtan gado su gani, ita ke dama kunu ta zauna tana lallashi cokali ɗaya bayan ɗaya. In gyambon ya fara wari har 'yan dubiya suka soma tsayawa daga bakin ƙofa, ita kaɗai ke zama a ciki. Babu wanda ya taɓa koya mata yadda ake wanke irin wannan rauni, ko yadda ake juya mara lafiya don kada kwanciya ta ci bayansa, ko cewa garin ƙwayar metronidazol da ake barbaɗawa yana rage warin, abin da ma'aikatan jinya suka daɗe da sani kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Koyarwar rabin yini za ta sauƙaƙa mata wahalar watanni.

Ita ma tana da nata rashin. Teburinta na kasuwa ya rufe. Zubin adashe ya wuce ta. In ɗaliba ce, ta bar aji, kuma da wuya ta koma. Sannan ga nauyin sirri: sau da yawa likita ya gaya wa dangi gaskiya, dangi suka haɗa baki suka ɓoye wa mara lafiya, suna cewa "da sauƙi, Inna, gyambo ne kawai." Mai jinya ce ke kwana da wannan maganar a cikinta, tana murmushi a gaban gado, tana kuka a bayan ɗaki. Inna kuwa ta riga ta gane, ita ma tana ɓoyewa don kada ta tayar wa 'ya'yanta hankali. Haka za a rabu ba a yi wasiyya ba, ba a nemi gafarar juna ba, abin da yake da girma ƙwarai wajen Musulmi da Kirista duka. Wannan aiki ne na ma'aikacin da aka horar, mai jin Hausa ko Tem ko Kabiye ko Moba, wanda ya san yadda ake faɗin magana mai nauyi ba tare da an kashe wa mutum zuciya ba.

Mutanen zango ba su naɗe hannu ba. Tun zamanin ayarin goro, lokacin da fatake ke ratsa ƙasar Kotokoli zuwa Salaga a Gonja, al'adar zango ita ce baƙo yana da mai masauki. Har gobe haka abin yake. Majinyacin da ya sauka daga Sokode ko Mango zai samu ɗaki a Agoe-Zongo ta Lome wajen wani da ba su haɗa komai ba sai gari ko masallaci. Bayan sallar Juma'a a Didaoure ta Sokode ko a zangon Blitta ana shelar neman taimako, a zagaya da hula. 'Yan uwa da ke Kumasi da Legas da Jamus suna turo abin da ya samu ta waya. Wannan zumunci shi ke riƙe da mutane da yawa, amma hula ba ta iya biyan gashin mako shida, kuma mai masaukin da ya karɓi mara lafiya na wata uku shi ma yana da iyali.

Abin da ake roƙo a wajen Shugaba bai kai tsadar na'ura ko ɗaya ba, kuma Blitta ta taɓa zama wurin gwajin irinsa. A watan Yunin 2017, da gwamnati ta so gyara yadda ake tafiyar da asibitoci ta hanyar ba wa wani kamfani ko ƙungiya kwangilar sa ido a kan kuɗi da kaya, da asibitin yanki na Atakpame da asibitin Blitta aka fara, kafin a kai tsarin Sokode da Kara da Dapaong da Lome. Gwamnati da kanta ta ba da shaidar cewa magani ya ƙara samuwa, kuɗin shiga kuma ya ƙaru. Garin da ya iya ɗaukar wancan gwaji zai iya ɗaukar na ciwon daji.

Farkon abin yi shi ne kwalba ta yi tafiya, mara lafiya ya zauna. A horar da likita ko biyu a Blitta da Sokode da Dapaong su riƙa ɗebo tsoka da allura, a ware rana ɗaya a mako da motar ma'aikatar lafiya za ta kwashi kwalabe zuwa ɗakin awo, sakamako ya dawo ta waya ga likitan da ya aika. Togo ta riga ta saba da jigilar samfurin jini da majina saboda tarin fuka da cutar ƙanjamau da korona. Sai kuma a naɗa ma'aikaciyar jinya ɗaya a kowane asibiti wadda aikinta kawai bin sawun majinyata: ta san wa ke jiran sakamako, wa ya kamata ya zo kemo ranar Talata bai zo ba, ta ɗaga waya ta kira, in ta kama ta aika ma'aikacin lafiya na ƙauye ya leƙa gidan.

Kemo ma ba dole sai a Lome ba. A shekarar 2012 Ruwanda ta buɗe cibiyar ciwon daji a Butaro, can cikin duwatsun arewa kusa da iyakar Yuganda, a ƙauyen da a lokacin ko kwalta babu. Likitoci na gama-gari da ma'aikatan jinya ne ke ba da magani bisa rubutaccen tsari, ƙwararru na duba aikinsu daga nesa, kuma dubban mutane sun amfana. Asibitin yanki na Sokode da asibitin koyarwa na Kara da na yanki a Dapaong sun fi Butaro ta wancan lokaci hanya da wuta. Ƙwararren Lome zai tsara magani a ganin farko, sauran zagayen a yi su kusa da gida, da sharaɗin cewa magungunan suna nan a kantin asibitin ba tare da yankewa ba. Mutumin Blitta zai je Sokode da safe ya kwana a ɗakinsa.

Ga wanda gashi ya wajaba a kansa, babu makawa sai Lome. A nan buƙata biyu ce: masauki da kuɗin mota. Cibiyar da ake ginawa in ba ta da gidan saukar majinyata da masu jinyarsu, da wurin girki da wanki, to an gina ta ne don mutanen Lome. Kuɗin mota kuwa Togo ta nuna wa duniya ta iya aika shi. A Afrilun 2020, lokacin korona, shirin Novissi ya tura tallafi kai tsaye zuwa wayoyin dubban ɗaruruwan talakawa cikin 'yan kwanaki. Hanyar da ta kai kuɗi ga ɗan zemijan za ta iya kai wa matar da ke da takardar ganin likita ranar Litinin. Inshorar lafiya ta kowa da kowa, AMU, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, ta soma ne da masu albashi da 'yan fansho. Kafin ta game manoma da 'yan kasuwa sosai, ciwon daji na buƙatar irin kulawar da shirin Wezou ya ba masu juna biyu tun 2021, wato a ware wasu ayyuka a ce waɗannan gwamnati ta ɗauke, aƙalla awon tsoka da maganin zafin ciwo.

Sankarar bakin mahaifa ita ce ta fi ba da takaici, domin ita ce aka fi iya tarewa. Tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama ciwo a jikin mace mai lafiya, ko da yake ta fi sauri ga mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. A tsawon wannan lokaci ungozomar asibiti na iya gano ta da ruwan binega da fitila, ta jira minti ɗaya ta ga wurin ya yi fari, ta ƙone shi da 'yar na'ura mai batir a ƙasa da minti guda, matar ta ɗaura zaninta ta koma gida. Yankin Tsakiya, inda Blitta da Sokode suke, ba baƙo ba ne ga wannan yaƙi, domin gundumar Tchamba na cikin wurare biyun da aka fara gwada allurar HPV a 2015. Amma allura ta 'ya'ya ce. Iyayensu mata, masu shekara 30 zuwa 49, awo ne kaɗai zai cece su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a auna kashi 70 cikin 100 na mata nan da 2030. A zango da wuya mace ta yarda namiji ya duba ta, mijinta ma da wuya ya bari, kuma wannan ba abin gardama ba ne, abin shiryawa ne. A sa mata su yi aikin. Akwai kuma awon da mace ke ɗaukar samfurin da kanta a bayan labule, wanda na'urar GeneXpert, irin wadda ake awon tarin fuka da ita, take iya karantawa.

Maza su ma suna da nasu. Ciwon dajin hanta yana kashe magidanta masu shekara talatin da arba'in cikin 'yan watanni, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce sammu ne. Tushensa mafi girma ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce, wadda ake ɗauka tun ana jariri, sai gubar fumfunar da ke kama masara da gyaɗar da ba su bushe da kyau ba kafin a zuba a rumbu. Allurar da ake so jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa, da aska ɗaya ga mutum ɗaya a wajen wanzamai, da shanya mai kyau, duk aikin ƙauye ne. Yara kuma akwai ciwon da ke kumbura muƙamuƙi cikin makonni, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro. Yana cikin masu saurin jin magani in an kai yaro da wuri sashen yara na Sylvanus Olympio, amma a ƙauye haƙori ake zargi har lokaci ya ƙure.

Sai maganar da ta fi kowace gaggawa. Mafi yawan waɗanda ke kwance yau a Blitta da Sotouboua da Mango sun wuce matakin warkewa, kuma cibiyar da ake ginawa ba za ta riske su ba. Abin da ya rage a yi musu shi ne kada su mutu suna ihu. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da mai ciwon daji ke matakin ƙarshe ya san daren nan: farasitamol ya daina aiki, an sayo taramol a kasuwa shi ma ya gaza, mara lafiya na roƙon Allah ya ɗauki ransa, yara sun toshe kunnuwa a ɗaki na kusa. Maganin wannan sananne ne, mofin na sha, kuma yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne kowace ƙasa ta tanada. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a Kampala, ta fara haɗa garin mofin da ruwa ana zubawa a gorar roba, a farashin da talaka zai iya. A 2004 Yuganda ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba, kuma gwamnati ke bayarwa kyauta. Tsoron kada a karkatar da shi zuwa hannun 'yan shaye-shaye tsoro ne mai hujja, musamman a yankin da taramol ya yi ɓarna. Amma littafin shige da fice da akwati mai makulli da horo suna maganin wannan, kamar yadda Yuganda ta nuna tsawon shekaru. Sa hannu a kan irin wannan doka yana cikin ikon Shugaba, ba ya jiran bashin banki ko kammala gini.

Dapaong na da ƙarin nauyi. Tun bayan harin Kpekpakandi a Mayun 2022 da dokar ta-ɓacin da aka sa wa yankin Savanes a watan Yunin shekarar, dubban mutane sun bar ƙauyukansu, ga kuma masu gudun hijira daga Burkina Faso. Wanda ya rasa gona da dabbobi ba shi da abin sayarwa in ciwo ya zo. Shirin gaggawa na yankin, wanda ke gina hanyoyi da rijiyoyi da ɗakunan shan magani, ya kamata ya sa awon mata da maganin zafin ciwo cikin lissafinsa.

Al'umma ma a ba ta nata rabon aikin. Sarakunan zango da limamai da fastoci da shugabannin matan kasuwa su ne ake ji. Limamin da ya tsaya a mumbari ya ce neman magani umarni ne, awon mace ba tonon asiri ba ne, kuma mijin da ya saki matarsa don an yanke mata mama ya yi zalunci, ya yi abin da takardar bango ba ta iyawa. Masu maganin gargajiya da wanzamai kuwa su ne ke fara ganin ƙullutun, watanni kafin likita. Faɗa da su ba ya hana mutane zuwa wajensu. Abin da zai yi amfani shi ne a zauna da su, a nuna musu alamu, a ba su lambar ma'aikaciyar nan mai bin sawu, a girmama wanda ya turo mara lafiya da wuri.

Domin a san ko ana ci gaba, akwai ma'auni uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa sankarar mama: kashi 60 cikin 100 a gano su a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala ganowa cikin kwana 60, kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. Ana roƙon Mai Girma ya umarci ma'aikatar lafiya ta buɗe rajistar masu ciwon daji a asibitocin Blitta da Sokode da Dapaong, ta riƙa fitar da waɗannan alkaluma uku kowace shekara, gunduma gunduma, tare da adadin majinyatan da suka samu mofin, a karanta su a gidajen rediyon yankin da harsunan da mutane ke ji.

Allah ya taimaki Shugaba, ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.

Daga wani ɗan zangon Blitta.